Wa Ya Rubuta Manhajar Nan? Jagora ga Mai Saye da Mai Duba Aikin Ɗalibi a Damazin

A Damazin yau, da ƙauyukan Hausawa da suka bi gaɓar Nilu daga Rusairis zuwa Mai Wurno har cikin Jazira, ba baƙon abu ba ne saurayi ya shigo wurin shugaban ƙungiyar manoma, ko mai kantin magani, ko shugaban makaranta, da kwamfuta a hamata, ya ce ya haɗa manhajar da za ta riƙe musu lissafi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya dawo da samari masu ilimin kwamfuta gida daga Khartum da Wad Madani, kuma suna neman abin yi. Da yawansu gwanaye ne. Sai dai tun da Copilot, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen Nuwamba 2022, sannan irin su Cursor da Claude Code suka shigo, aikin da a da sai an yi wata uku ana gumi a kansa, yanzu wanda bai iya rubuta layi goma da kansa ba zai iya kawo maka mai kama da shi cikin yini ɗaya, da shafuka masu ƙyalli da maɓallai masu launi.

Kafin komai, ka san abin da kake nema. Amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta manhaja ba laifi ba ne, kuma a yau da wuya ka sami ƙwararren da ba ya taɓa ta ko kaɗan. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ko akwai mutumin da hankalinsa ya ratsa aikin layi-layi, wanda in manhajar ta tsaya ana tsakiyar kakar riɗi zai san inda zai sa hannu. A Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin OpenAI, ya bayyana wani salon aiki da ya ce yana yi: ya faɗa wa na'ura abin da yake so, ya karɓi duk abin da ta rubuto ba tare da ya karanta ba, in kuskure ya fito ya kwafa ya mayar mata. Shi da bakinsa ya ce salon ya dace da ƙananan ayyukan da ake yi don nishaɗi a watsar. Kundin bashin manoma da lissafin magungunan da wa'adinsu ya kusa cika ba sa cikin wannan sahu.

Kada ka ƙona data a shafukan da ke cewa ka liƙa musu rubutu su gaya maka kashi nawa ne na na'ura. OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan ma'auni a Janairun 2023, ya janye shi a Yulin shekarar saboda rashin daidaito. Bisa alƙaluman da kamfanin ya bayar, kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura yake kamawa, kuma yana ɗora wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane laifin da ba nasu ba. A 2023 ɗin dai masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa irin waɗannan ma'aunai sun ɗauki fiye da rabin rubutun ɗaliban da Ingilishi ba harshensu na gida ba ne a matsayin aikin na'ura. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya yi makaranta da Larabci, ya tsinci Ingilishi a jami'a, shi ne farkon wanda wannan awo zai zalunta. A kod kuma, wato rubutun manhaja, abin ya fi wuya, domin akwai kayan aikin da ke daidaita tsarin rubutun kowa ya fito iri ɗaya. Dillalin riɗi a kasuwar amfanin gona ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, yakan soka ƙarfe ya zaro daga tsakiya da kuma ƙasa. Haka za a yi wa manhaja.

Tarihin aikin

Wuri na farko da za a soka shi ne tarihi. Yawancin masu rubuta manhaja suna amfani da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk lokacin da mai aiki ya adana wani canji, wanda ake kira komit, Git yana rubuta rana da sa'a da sunan wanda ya yi da ɗan bayanin da ya bari. Ka ce a ba ka jakar aikin gaba ɗaya, har da ɓoyayyar jakar nan mai suna .git, sannan a buga umarnin git log --stat a gabanka. Zai jero maka canje-canjen daga na ƙarshe zuwa na farko, da adadin layin da aka ƙara ko aka goge a kowane fayil.

Tarihin ɗan Adam yana da gargada. Yau layi 40, gobe shiru saboda wuta ta ɗauke, jibi a goge rabin abin da aka rubuta shekaranjiya. Za ka ga an koma fayil ɗaya sau biyar cikin mako, domin nan ne abin ya cije. Bayanan gajeru ne, kalma biyu ko uku, wani lokaci Larabci da Ingilishi a cakuɗe, da kuskuren rubutu. Aikin da na'ura ta zubo yana zuwa ta ɗaya daga fuska biyu. Ko dai komit na farko ya ɗauko layi dubu takwas a tashi ɗaya sannan babu wani abin kirki bayansa, ko kuma ka ga komit bayan komit, tsakaninsu minti biyar ko bakwai, kowanne ya taɓa fayil goma da ɗaruruwan layi, kowanne da dogon bayani cikin Ingilishi mai santsi. Babu yatsun da ke buga layi 600 masu aiki cikin minti bakwai. Wasu kayan aikin ma sukan sa hannu da kansu: Claude Code yakan ƙara layi a ƙarshen bayanin komit yana ambaton kansa a matsayin abokin rubutu, in ba a kashe wannan saitin ba.

Amma a nan sai an yi adalci. Ɗalibai da yawa a Jami'ar Jazira da Jami'ar Nilul Azraƙ da sauran makarantu ba su saba da Git ba sai ranar miƙa aiki. Wasu sun bar kwamfutocinsu a Madani lokacin da garin ya faɗi a Disambar 2023, suka sake haɗa aikin daga abin da ya rage a waya. Irin wannan zai kawo maka komit guda ɗaya kuma gaskiyarsa yake. Ka tambaye shi tsofaffin kwafi: jakunkunan da ya aika wa abokin aikinsa ta WhatsApp ko Telegram, ko na cikin filashi masu suna na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe na gaske. Wanda ya yi aikin da hannunsa yakan sami irin wannan tarkace. Ta ɗaya ɓangaren, ranakun Git ana iya ƙirƙirar su, don haka kyakkyawan tarihi shi kaɗai bai wanke kowa ba.

Daga nan ka leƙa abin da aka manta a cikin jakar. Fayiloli irin su CLAUDE.md da AGENTS.md da .cursorrules umarni ne da ake rubuta wa na'ura mai taya aiki. Ganinsu yana nufin an yi amfani da ita, ba ya nufin an yi sakaci. Ka buɗe ka karanta. Idan umarnin ya nuna mai aikin ya san tsarin manhajarsa, yana gargaɗin na'ura kada ta taɓa wuri kaza, wannan shaida ce a gare shi. Abin da ya fi nuna sakaci shi ne bayanan da ke gefen kod. Mutum yakan rubuta dalili, misali kada a taɓa wannan layin domin firintar ofis tana yanke ƙarshen rasit. Na'ura takan maimaita abin da ido ke gani, ta rubuta a saman layin da ke tara kuɗi cewa nan ana tara kuɗi. Wani lokaci ma za ka tarar da maganarta ga wanda ya tambaye ta an bar ta a ciki, tana cewa sauran kod ɗinka yana nan, ko a manhaja ta gaske sai a haɗa rumbun bayanai a wannan wuri. Wanda ya miƙa maka aiki da irin wannan jimla a ciki bai karanta shi ba. Ka kuma lura da aiki ɗaya da aka rubuta sau uku a fayil uku da sunaye masu kama da juna, kamar hanyar rubuta kwanan wata, domin na'ura takan manta ta riga ta yi ta sake yi.

Gwajin da ƙasarmu ke yi da kanta

Wannan shi ne sashen da na fi so mai karatu ya riƙe, domin ba ya buƙatar sanin kod ko kaɗan, kuma nan ne mu da ke wannan yanki muka fi mutanen manyan birane sa'a. Na'ura ta koyi sana'arta daga miliyoyin manhajojin da aka rubuta don Amurka da Turai da Indiya. In ba a tsare ta ba, can take komawa. Mutumin da ya zauna da manomi ko da mai kanti, ya ji ƙorafinsu, ya gyara, sawunsa yana bayyana a ƙananan wurare.

Fara da suna. A Sudan suna huɗu ake rubutawa a takardun hukuma: naka, na mahaifinka, na kakanka, na mahaifin kakanka. A ƙauye guda za ka iya samun Muhammad Adam biyar, sai suna na uku ko na huɗu ya raba su, in ya ƙi sai laƙabi. Manhajar da ta ba ka gurbi biyu, sunan farko da sunan iyali, ba a yi tunanin mutanenmu ba wajen tsara ta. Shigar da Muhammad Adam biyu, ka sa wa ɗaya bashi, ka ga ko za ta iya raba su. Sannan ka nemi suna da Larabci. Rubuta Ahmad da hamza a kan alif, ka neme shi ba hamza. Rubuta Fatima da ta'un marbuɗa, ka neme ta da ha'un. Duk wanda ya taɓa riƙe kundin sunaye a ƙasar nan ya san mutane suna rubutawa ta duka hanyoyin biyu, kuma in bai daidaita su ba rabin sunayen za su ɓace a bincike. Idan akwai Hausar boko a ciki, gwada ƙ da ɗ da ɓ, ka ga ko sun fito ko sun koma alamar tambaya.

Sai lambar waya. Lambobin Zain da MTN suna farawa da 09, na Sudani da 01. Shigar da kowanne, sau ɗaya da sifili a gaba, sau ɗaya da 249. Manhaja da yawa da aka zubo ba a duba ba sukan ƙi lambar Sudani, ko su nemi tsarin lambar Amurka. Ka kuma buga adadi da alƙaluman Larabci da ke kan allon wayar yawancin mutane a nan. Harshen Python yakan gane su da kansa, amma hanyar da aka saba karanta adadi a JavaScript ba ta gane su, sai lissafi ya tsaya ko ya fito da abin da ba adadi ba.

Kuɗi kuma nasa gwajin daban ne. Idan ka ga alamar dala, ko maɓallin biya ta PayPal ko Stripe, waɗanda ba sa aiki a Sudan, ka san daga inda aka kwaso. Mutumin Damazin ya san da Bankak na Bankin Khartum ake yawan biya, kuma ya san hoton sanarwar biya ana iya yin na jabu, don haka zai sa gurbin lambar hada-hadar, ya kuma hana a shigar da lamba ɗaya sau biyu. Ya san kuma dattawa har yau da tsohon lissafi suke magana, suna kiran fam dubu miliyan, tun daga canjin kuɗin da aka yi a baya. Idan magatakardan ƙungiya zai shigar da abin da dattijo ya faɗa masa da baki, ya kamata manhajar ta rubuto masa adadin da kalmomi ya gani kafin ya amince. Sifili uku ne ke tsakanin daidai da rigima.

Ga manhajar gona, duba ma'auni. Gona da fadan ake auna ta, murabba'in mita 4,200, ba da eka ko hekta ba. Riɗi da kintari ake cinikinsa, dawa da buhu da irdabi da kaila, kuma irdabi mudu ne na cika, nauyinsa yana sauyawa daga hatsi zuwa hatsi. Wanda ya sa adadin kilo guda ɗaya ga kowane irdabi bai je kasuwa ba. In akwai lissafin zakka, nan ma ka tsaya. Na'ura in an ce mata zakka ba a fayyace ba, takan kawo kashi 2.5 cikin ɗari na dukiya. Zakkar amfanin gona kuwa ushuri ne ga abin da ruwan sama ya shayar, kamar gonakin damina na Agadi, rabin ushuri ga abin da aka shayar da famfo da wahala, kamar lambunan bakin kogi, kuma sai an kai nisabi. Manhajar da ba ta tambaye ka yadda aka shayar da gonar ba, ba ta san aikinta ba.

Kalandar ma tana magana. Hutun mako a Sudan Juma'a da Asabar ne, aiki yana farawa Lahadi. Duba waɗanne ranaku aka shafa wa launin hutu. Duba ko wata ne ya riga rana a rubutun kwanan wata, irin na Amurka. Sudan ta mayar da agogonta baya da sa'a ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 2017, don haka ka shigar da ciniki ka kwatanta sa'ar da ke kan rasit da agogon hannunka. Sannan ka buga rasit ɗin a takarda ko a fitar da shi a PDF. Haruffan Larabci a rarrabe, suna tafiya daga hagu zuwa dama, ciwo ne sananne da ke kama duk wanda bai gwada da idonsa ba.

Gwaji na ƙarshe a wannan sashe shi ne mafi muhimmanci: kashe intanet. A Fabrairun 2024 hanyoyin sadarwa uku na ƙasar suka ɗauke kusan a lokaci guda, kuma ko ba wannan ba, duk wanda ke ƙauye ya san yadda sabis ke zuwa yana tafiya. Madatsar Rusairis tana nan kusa da mu tun 1966, an ƙara mata tsawo da mita 10 aka buɗe a 2013, amma wuta ba ta fasa ɗaukewa ba. Sa wayar a yanayin jirgi kana tsakiyar shigar da ciniki. Zare wa kwamfuta wuta kafin a adana. Kunna ka ga me ya rage. Shafi fari, ko ciniki da ya ɓace, ko wanda ya shiga sau biyu bayan sabis ya dawo, duk suna gaya maka an rubuta manhajar ne don wata ƙasa.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai tabbatar da hannun na'ura ba. Ɗalibin da ya kwafi darasin bidiyo daga Indiya zai faɗi a wurare iri ɗaya, kuma gwanin da ya yi aiki da na'ura yana dubawa zai tsallake su duka. Wannan bai rage darajar gwajin ba, domin abin da kake aunawa tun farko shi ne ko hankalin mutum ya ratsa aikin.

Ƙunsoshin da ba su wanzu ba

Kowace manhaja tana jingina da ƙunsoshin kod da wasu suka rubuta. Sunayensu suna cikin requirements.txt ga Python, ko package.json ga JavaScript. Ka sa wanda ya iya ya bi su ɗaya bayan ɗaya a rumbun PyPI ko npm, ya duba ko suna nan, yaushe aka ɗora su, mutum nawa ke amfani da su, kuma ko manhajar tana kiran su da gaske. Na'ura takan ƙirƙiri suna mai kama da na gaske. Wani bincike da masana a Jami'ar Texas ta San Antonio da abokan aikinsu suka yi a kan samfurin kod 576,000 daga na'urori 16 ya gano kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙunsoshin da aka ba da shawarar amfani da su babu su. Haɗarin ya wuce manhaja ta ƙi tashi. Mai binciken tsaro Bar Lanyado ya lura da wani suna da na'urori ke yawan ƙirƙirowa, huggingface-cli, ya ɗora ƙunshi marar komai da wannan suna, cikin wata uku aka sauke shi fiye da sau 30,000. Da ɓarawo ne ya riga shi, da ya shiga kwamfutoci masu yawa ta ƙofar da masu su suka buɗe masa.

Idan an nuna maka gwaje-gwajen da manhajar ke yi wa kanta duk sun fito kore, kada launin ya ruɗe ka. A je layin da ke cire biya daga bashi, a mayar da alamar ragi ta zama ta tarawa, a sake gudanar da gwajin. In har yanzu kore ne, gwajin ado ne kawai.

Zama da mai aikin

Duk abin da ya gabata share fage ne. Hukunci yana fitowa ne daga zaman sa'a ɗaya, kai da mai aikin da kwamfuta, waya a ajiye, intanet a kashe. In ba ka karanta kod, ka ɗauko malamin kwamfuta ko wani injiniya da ba shi da rabo a cinikin, ka biya shi kuɗin zamansa. A bar mai aikin ya yi bayani da harshen da ya fi sakewa, Hausa ko Larabci, domin ba Ingilishinsa ake jarrabawa ba. Kada a fara da tuhuma. Abin da ya dace shi ne irin wannan:

"Bashmuhandis, Allah ya yi albarka. In na danna nan na karɓi kuɗin manomi, nuna mini hanyar da adadin ke bi har ya zauna a kundi."

Wanda ya san aikinsa zai ce, "To Kawu, daga wannan fayil yake tashi," ya buɗe ba tare da lalube ba, ya bi da kai mataki-mataki. Wanda bai sani ba zai koma karanta maka sunayen fayiloli, ko ya sake nuna maka kyan shafin farko. Daga nan a ba shi ƙaramin canji ya yi a gabanka: a ƙara gurbin laƙabi, ko a sa rasit ya nuna sunan ƙauye. Minti ashirin sun isa. Ba sai ya gama ba, idon mai dubawa yana kan inda ya fara nema. Sannan ya fita ya sha shayi, malamin da ka ɗauko ya ɓata layi ɗaya, ya dawo ya nemo. A nan ake ganin ko yana karanta saƙon kuskure yana bin sawunsa, ko hannunsa yana ta kaiwa ga aljihun da waya take.

Tambayoyi uku sun fi kowace dabara tasiri a wurina. Wane sashe ne ya fi ba ka wuya? Me ka fara yi ka watsar? Me ka san ba ya aiki daidai har yanzu? Mutumin da ya kwana a kan aiki yana da amsarsu a bakinsa, har yakan yi tsaki in ya tuna. Wanda ya ce komai ya tafi lafiya kuma babu abin da ya rage, ko dai bai yi ba ko bai gwada ba. A ƙarshe a tambaye shi kai tsaye ina da ina na'ura ta taya shi. Idan ya ce ita ta zana shafuka, shi ya rubuta lissafi, ga kuma wuri biyu da ta yi kuskure ya gyara, wannan amsar gwani ce, kuma ni zan saya daga hannunsa.

Ga malamin jami'a, shawarata a faɗi ƙa'ida tun farkon zango, kafin a fara aikin kammala karatu, a rubuce: me aka yarda, me aka hana, me za a bayyana. Manyan ayyukan manhaja na duniya haka suka yi. Gentoo ta hana karɓar gudummawar da na'ura ta rubuta a Afrilun 2024, NetBSD ta ce irin wannan kod ba ya shiga sai da izinin shugabanninta, wasu kuma sun yarda muddin an bayyana. Kowanne ya faɗi matsayinsa a fili. Kama ɗalibi ranar kare aiki da ƙa'idar da ba a taɓa gaya masa ba zalunci ne. A nemi ya riƙa miƙa aikin kashi-kashi duk mako biyu, a yi masa tambaya ta minti biyar kowane zuwa. Wannan ya fi sauƙi a kan bincike bayan an gama.

Ga mai saye, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, da shaidu biyu. A sa a ciki cewa kod da tarihinsa da kalmomin sirri duka mallakar ƙungiya ne, za a miƙa su a filashi biyu da ke hannun mutum biyu. A sa cewa mai aikin zai bayyana inda ya yi amfani da na'ura. A sa, da babbar murya, cewa ba zai liƙa sunayen mambobi da lambobinsu da ƙauyukansu a wani shafin hira da na'ura don ta gyara masa kuskure ba. In zai gwada, ya yi da sunayen ƙarya. Wanda ya ga rikicin da ya faru a jihar nan a Yulin 2022 ya san jerin sunaye da ƙauyuka ba ƙaramin abu ba ne in ya faɗa hannun da bai dace ba. Malamin da ka ɗauko ya duba ko an bar mabuɗin rumbun bayanai a fili cikin kod, ya kuma gwada ko mamba ɗaya zai iya ganin bashin wani ta hanyar sauya lamba a adireshin shafi. Kuɗin kuma a raba shi uku: kashi ɗaya a farko, kashi ɗaya bayan gwajin da aka yi a gabanka, na ƙarshe bayan manhajar ta yi wata guda tana aiki a lokacin da ciniki ya fi yawa, magatakarda yana riƙe da littafinsa na takarda a gefe ana kwatanta jimla duk yamma.